YADDA ITACEN FAIN DA DANGINSA KE YAƘI DA ƘWARO DA FUMFUNA

Manomi ya san abin da zai yi in ƙwari sun shiga rumbunsa. Ya kan fid da hatsi ya shanya, ko ya zuba toka, ko ya nemi magani. Saniya in ƙuda ya dame ta, ta kan kaɗa wutsiya, in abin ya yi yawa ta bar wurin. To, itace fa? Ba shi da hannu, ba shi da wutsiya, ba ya iya ƙaura. Inda ya tsiro nan zai tsaya har ya mutu. Duk da haka, a kan duwatsun Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka, akwai wani itacen fain wanda aka ƙidaya shekarunsa aka tarar sun wuce 4,800. Ƙwari da ruɓa sun yi ta nemansa dukan wannan zamani, ba su ci shi ba. Wannan takarda za ta bayyana muku makaman da Allah ya ba itatuwan nan, da abin da ke karya makaman. Na biyun nan shi ya fi shafarku, ku manoma da dagatai.

Dangin fain ba itatuwan ƙasarmu ba ne. Galibinsu a ƙasashen sanyi su ke, watau Kanada, da arewacin Turai, da Rasha, da bisa manyan duwatsu. Ganyensu sirara ne kamar allura, yawancinsu kuwa ba su kaɗe ganye ko da wane lokaci. Ba su yin fure irin na mangwaro ko ɗorawa. Irinsu yana ɓoye cikin wani abu mai kama da ƙaramin goyon masara, amma na itace, da ɓawo a jere kamar na kifi. Cikin danginsu akwai fain ɗin kansa, da sufurus, da fir, da al'ul na Lebanon wanda Annabi Sulemanu ya yi gini da shi. Daga gare su Turawa ke samun yawancin katakon gini, da takarda mai ɗimbin yawa. Akwai wani irin fain mai jure zafi, asalinsa Amurka ta Tsakiya, wanda aka kawo Nijeriya aka dasa a ƙasar Jos, da Afaka kusa da Kaduna, da kan dutsen Mambila. Saboda haka maganar ba ta baƙi kaɗai ba ce.

Abokan gābansu biyu ne, sau da yawa kuma tare su ke tafiya. Ɗaya ƙwaro ne mai huda ɓawo. Ɗayan kuwa fumfuna, watau dangin abin nan da ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu, da burtuntunar dawa, da naman kaza. Jikin fumfuna zare ne wanda ya fi gashi sirantaka, yana ratsa itace yana ci, irinsa kuwa ƙura ne da iska ko ƙwaro ke ɗauka.

ƘARO

Makami na fari shi ne ƙaro. Amma kada ku ɗauka irin ƙaron dakwara ne, wanda malamai ke sa wa tawada. Wancan ya kan narke cikin ruwa, har yara na tsotsa. Ƙaron fain ruwa ba ya narkar da shi, in an sa masa wuta sai ya kama da baƙin hayaƙi da ƙanshi. Ya fi kama da ƙaron maje ko na hano, waɗanda a ke turare da su.

In an yanka fain aka duba da madubin likita, sai a ga ƙananan hanyoyi cikin itacen da cikin ɓawonsa. Waɗansu sun bi tsawon itacen, waɗansu sun ratsa daga ciki zuwa ɓawo kamar wayoyin ƙafar keke, suna haɗuwa da juna. A bangon kowace hanya akwai ƙananan ɗakuna masu rai, ba su da aiki sai yin ƙaro su tura ciki. Hanyoyin nan cike su ke tam, kamar salkar da aka cika aka ɗaure bakinta. Da ƙwaro ya huda ɗaya, sai ƙaro ya kwararo masa a fuska, ya cika ramin da ya ke haƙawa, ya turo shi waje ko ya nutsar da shi. A jikin itacen sai ka ga ɗan dunƙule fari kamar gugguru, wani lokaci da gawar ƙwaron a liƙe. Malamin daji in ya ga wannan ya san itacen ya yi nasara. In kuwa dunƙulen ƙarami ne, ja, gauraye da garin itace, ga garin kuma ya zuba a gindi, to, ƙwaro ya shige.

Ƙaron nan abu biyu ne a gauraye. Masu sana'ar tsaga fain su tara ƙaro, a ƙasar Sin da Barazil da Indonesiya, su kan dafa shi su raba su. Wajen kashi ɗaya cikin biyar wani mai ne mai ruwa-ruwa, mai tashi cikin iska, shi ne tafantain da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Mafi yawan abin da ya rage daskararre ne, ruwan zuma, a na ce masa rozin, shi masu goge na Turai ke shafa wa gashin bakansu. Ku lura da yadda biyun nan ke taimakon juna. Mai ɗin dafi ne, yana bugar da ƙwaro, yana hana zaren fumfuna ci gaba. Shi ne kuma ke tsinka rozin ya kai shi bakin rauni, don ba don shi ba da rozin bai gudana ba. In sun isa waje sai mai ya bi iska, rozin ya daskare ya toshe ƙofar, kamar yadda a ke liƙe bakin tulu. Da dafi, da tarko, da ɗaurin rauni, duk a abu guda.

Mai ɗin kansa ba iri ɗaya ba ne, gaurayen iri da yawa ne, masana suna kiransu tarfin gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu kun san shi: shi ne ƙanshin nan na ɓawon lemo, wanda in an matse kusa da fitila ya kan yi walƙiya. Wani kuma a na ce masa fainin, shi ne ƙanshin dajin fain. Ku riƙe sunan nan, za mu komo kansa. Itace biyu iri ɗaya, suna tsaye kusa da juna, a kan tarar gaurayensu ya bambanta. Don haka ƙwaro ya kan ci wannan ya bar wancan.

Ba mutum kaɗai ya gane amfanin ƙaron nan ba. A dazuzzukan ƙasar Suwizalan akwai wata irin tururuwa mai tattara gutsattsarin ƙaron sufurus ta kai gidanta, an kuwa gwada an ga gidan da ke da ƙaro ya fi ƙarancin fumfuna da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wata tsutsa mai cin ganyen fain, wadda ba ta barin ƙaro ya wuce cikinta, sai ta tara shi cikin 'yan jakunkuna kusa da maƙogwaro. In wani ƙwaro ya zo kama ta, sai ta ɗaga kai ta amayo masa. Ta saci makamin mai gida ke nan.

ƊACI

Makami na biyu ba a ganinsa yana gudana. Cikin naman ɓawo, watau wurin nan mai laushi da ke tsakanin busasshen ɓawo da itace, inda abincin da ganye ya yi ke bi ya sauka zuwa saiwa, akwai jerin ɗakuna cike da abubuwa masu ɗaci da bauri. Wurin nan shi ƙwaro ke nema, don nan zaƙi ya ke, nan kuma aka ajiye ɗacin. Cikinsu akwai tanin. Majema sun san aikinsa ko da ba su san sunan ba, gama shi ne ƙarfin bagaruwa. Yadda ya ke kama fata ya hana ta ruɓewa, haka ya ke kama ruwan da fumfuna ke fitarwa don narkar da itace, ya ɓata shi.

Zuciyar itace kuwa, ko da ya ke matacciya ce, kafin ta mutu a kan jiƙe ta da irin wannan magani. A 1939 wani masani na ƙasar Suwidin, sunansa Holger Erdtman, ya ware ɗaya daga zuciyar fain, aka sa masa suna finosilbin. Kaɗan daga gare shi ya isa ya tsai da fumfunar ruɓa. Dalili ke nan da ya sa katakon zuciya ya fi na gefe daɗewa a ƙasa. Masassaƙa sun san haka game da ƙirya da maɗaci tun kafin a kawo madubin likita.

ABIN DA ITACE KE YI BAYAN AN FAR MASA

Duk abin da muka faɗa tanadi ne, yana nan ko yaƙi ya zo ko bai zo ba. Abin da ya fi ban mamaki shi ne itace ya kan ji an taɓa shi, ya ƙara shiri.

Da fari ya kan kashe namansa da kansa kewaye da ramin ƙwaro, ya jiƙe wurin da ƙaro da ɗaci, ya gina sabon ɓawo a bayansa. Ƙwaro da fumfuna su sami kansu a tsakiyar kufai, ba abinci, sai dafi. Daidai da abin da ku ke yi in gobara ta taso, ku ƙone fili a gabanta don ta rasa abin ci. In ka ɓare ɓawon irin wannan itace, sai ka ga tabo mai duhu, dogo kamar ganyen rama, ya tsaya ga iyakarsa.

Sa'an nan ya kan gina sababbin hanyoyin ƙaro. Sufurus ba shi da hanyoyi da yawa kamar fain, fir kuwa cikin katakonsa ba shi da su sam, sai 'yan ƙuraje na ƙaro a ɓawo. Amma in an ji musu rauni, cikin mako biyu ko uku sai sabon itacen da ke tsirowa ƙarƙashin ɓawo ya fito da jerin hanyoyi, kusa da kusa, har nesa da inda raunin ya ke. Jerin nan ba ya gogewa. Bayan shekaru da yawa in an sare itacen, mai ƙidaya zoben shekarunsa ya iya nuna shekarar da aka kawo masa hari.

Yaya labari ke kai wa sassan da ba a taɓa ba? Akwai wani sinadari da wurin rauni ke yi, shi ne ɗan aike. A na kiransa jasmonet, don a cikin man furen yasmin aka fara samunsa. A 2002 masana suka nuna cewa in an shafa ko an fesa shi ga lafiyayyen sufurus, ba tare da ko ƙwarzane ba, sai itacen ya gina sababbin hanyoyin ƙaro kamar an far masa. A ƙasar Nowe an gwada sa wa sufurus fumfuna kaɗan, wadda ba ta isa kisa ba. Da aka komo bayan makonni aka sa masa mai yawa, sai ya jure, 'yan'uwansa da ba a yi wa haka ba suka sha wuya. Wannan ya yi kama da lambar da a ke yi wa mutane a dā domin agana. Amma ba a banza ya ke samuwa ba. Ƙaro daga abincin itace a ke yinsa, wanda ya kashe abincinsa wajen makami girmansa ya kan ragu a shekarar.

YADDA ƘWARO KE CIN GALABA

Watakila wani zai ce, in haka ne, ai ba abin da zai iya kashe itacen nan. To, ku ji abin da ya faru a yammacin Kanada.

Akwai wani baƙin ƙwaro can, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ɗan'uwan wanda ke huda hatsi a rumbu ne. Da damina ta tsakiyar shekara, watau lokacin zafinsu, macen ta kan sauka kan fain ta fara huda. Ita kaɗai ba ta iya kome, ƙaro zai kashe ta. Amma ga dabararta. Fainin ɗin nan da muka ambata, wanda aka yi don ya kashe ta, jikinta ya kan juya shi ya zama wani ƙanshi dabam, mai kiran 'yan'uwanta. Su taso ɗari-ɗari, har dubbai, su huda itacen ta ko'ina cikin kwana biyu ko uku. Salkar da aka huda wuri ɗaya ta kan yi tsartuwa, wadda aka huda wuri dubu sai ɗigo. Ƙaro ya ƙare, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In itacen ya cika, sai su sake wani ƙanshi mai cewa ba wuri, masu zuwa daga baya su faɗa wa na kusa.

Ba su zuwa hannu wofi. Kusa da bakin kowane ƙwaro akwai 'yar jaka mai ɗauke da irin wata fumfuna. Ita ta kan ratsa cikin farin itace, ta rina shi shuɗi-shuɗi kamar an tsoma a baba, ta toshe hanyoyin da ruwa ke hawa. Tsutsotsin ƙwaron kuma su yi ta cin naman ɓawo a gicciye har su kewaye itacen. Ruwa ba ya hawa, abinci ba ya sauka. Shekara na kewayowa ganyen ya yi ja wur, daga baya ya zube.

Ƙwaron nan ba baƙo ba ne a dajin, tun fil azal yana nan, yana cin tsofaffi da raunana. Abu biyu suka sake masa. Sanyi mai kai awo 40 ƙasa da sifiri shi ke kashe tsutsotsinsa, sai aka yi shekaru a jere irin wannan sanyi bai zo sosai ba. Ga shi kuma daji ya cika da tsofaffin itatuwa iri ɗaya, sa'o'in juna, a cunkushe. Daga wajen 1999 annoba ta tashi a lardin Biritish Kolombiya, ta taɓa fiye da eka miliyan 44, watau kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Nijeriya duka, ta kashe wajen rabin fain ɗin da ya isa yanka katako. A 2006 iska ta ɗebi ƙwarin ta ƙetare da su manyan duwatsun Roki zuwa lardin Albata.

A Turai kuwa fari ne ya buɗe ƙofa. Can akwai wani ƙwaron sufurus wanda Jamusawa ke kira mai buga littafi, don ramukansa ƙarƙashin ɓawo sun yi kama da layukan rubutu. A 2018 aka yi fari da zafi mai tsanani, aka sake a shekarun da suka biyo. Itace mai ƙishi ba ya iya matsa ƙaro, kuma ya kan rufe ƙofofin ganyensa don tsimin ruwa, sai yin abinci ya tsaya, abin yin sabon makami ya yanke. Dazuzzukan sufurus masu yawa a Jamus da ƙasar Cek suka bushe a tsaye. Fumfunar da ke bin wannan ƙwaro ma an gane tana iya narkar da ɗacin ɓawon sufurus, har ta ci shi kamar abinci. A ganina wannan ya fi kome nuna cewa ba makamin da ya isa shi kaɗai, in mai riƙe da shi yana jin yunwa da ƙishirwa.

Akwai wata ƙofa kuma wadda mutum ke buɗewa da gatarinsa. Sabon kututture ba shi da sauran ƙarfin kāre kansa. Wani masani na Ingila, John Rishbeth, ya gano a dajin Tetfod wajen 1950 cewa fumfunar ruɓar saiwa ta kan sauka a kan irin wannan kututture, ta bi saiwarsa ƙarƙashin ƙasa, ta shiga saiwar lafiyayyen itace inda suka haɗu. Maganin da ya samo shi ne a riga ta, a shafa wa kututture wata fumfuna marar lahani tun ranar sara, ta cika wurin. A waɗansu ƙasashe kuma ruwan takin yuriya a ke shafawa.

ABIN DA YA SHAFE KU

Ƙwarin nan biyu na Kanada da Turai na ƙasashen sanyi ne, ba su a nan. Amma kada wannan ya sa ku sakankance, gama baƙon ƙwaro ya kan bi baƙon itace. A 1994 aka ga wani irin zanzaro na Turai a gonakin fain kusa da Kef Tawun, a Afirka ta Kudu. Macensa ta kan soka ƙwai cikin itace tare da dafi da fumfuna, ta kuwa fi zaɓen itatuwan da cunkoso ko fari ya raunana. Daga baya ya bazu har ya yi ɓarna mai yawa a gabashin ƙasar. Cikin gungume da katakon da ba a yi wa magani ba irin waɗannan ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa.

Saboda haka, dagacin da ke da gonar fain a ƙasarsa, ko manomin da ya dasa nasa, ya kula da cunkoso kafin kome. Kun san gero in an bar shi da yawa a rami ɗaya ba mai yin zangarniyar kirki. Haka itace. In rassa sun haɗu, na ƙasa sun fara bushewa, a nemi malamin daji ya nuna waɗanda za a rage, a fara da sirara da karkatattu. Mutane su kan ji ciwon sare itacen da suka yi wahalar dasawa, amma raunanan nan su ne masaukin ƙwaro, daga kansu ya ke yawaita ya faɗa wa na kirki.

A hana yara da masu neman makamashi sassaƙar gindin fain don hura wuta. Gaskiya ne tsinkensa yana kamawa nan da nan saboda ƙaro, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kowane sara kuwa ƙaro ne ya zube a banza. A share iyakar gona tun farkon kaka, kafin ciyawa ta bushe, don ƙaron da ke kāre itacen daga ƙwaro shi ne ke ciyad da wuta, wanda ya tsira daga gobara da ƙonannen ɓawo kuma ya kan daɗe bai komo da ƙarfinsa ba.

Gungumen da aka sare kada ya kwana da yawa cikin gona da ɓawonsa. A fid da shi, ko a ɓare shi nan take. In kuwa kun ga itace ɗaya ko biyu sun yi ja a tsakiyar kore, ku duba gindinsu ko da garin itace, ku duba jikinsu ko da dunƙulen ƙaro ko ƙananan ramuka. Ku ɓare ɓawo kamar faɗin tafin hannu, ku sa shi cikin kwalba tare da duk ƙwaron ko tsutsar da kuka samu, ku toshe, ku kai wa ma'aikatan gandun daji a wannan mako, ku gaya musu wurin da ranar da kuka gani.